Azumin tazara ko rage ci kullum: wanne ya fi sauke ƙiba?

Mutumin da likita ya ce wa ya rage ƙiba, ko wanda ya lura da kansa riga ta fara matse shi, in ya hau bene sai ya tsaya ya mayar da numfashi, shawara biyu ce ke fara riskarsa. Ta farko tsohuwa ce: rage abin da kake ci kowace rana, safe da rana da dare. Ta biyu ita ke tashe yanzu a YouTube da TikTok da zaurukan WhatsApp: ka ƙaurace wa abinci na wasu awanni ko wasu ranaku, sauran lokacin ka ci yadda ka saba. Wannan ta biyun ita nake kira azumin tazara. Masu tallata ta suna cewa tana narkar da kitse ta hanyar da rage ci ba zai iya ba, tana wanke jiki, tana gyara jini. To, idan aka ɗauki mutum biyu masu nauyi ɗaya, aka ɗora wannan kan hanya ta farko, wancan kan ta biyu, aka dawo bayan shekara guda da sikeli, wa zai fi sauka? An yi wannan gwajin ba sau ɗaya ba, kuma abin da ya fito ya cancanci a zauna a warware shi, domin mutane suna wahalar da kansu kan alƙawarin da binciken bai ɗauka ba.

Azumin tazara kala uku ne da aka fi sani. Akwai na ƙayyade awanni: mutum ya tattara duk cinsa na yini cikin awa 8, misali daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, sauran awa 16 babu abin da zai shiga cikinsa sai ruwa ko baƙin shayi marar sukari. Akwai na kwana biyu a mako, wanda likitan nan ɗan jarida na Ingila, Michael Mosley, ya yayata ta wani shirin talabijin na BBC a 2012: kwana biyar a ci yadda aka saba, kwana biyu a tsaya kan kalori 500 ga mace, 600 ga namiji, wato kusan ɗan ƙaramin abinci sau ɗaya. Sai na yau a ci, gobe a kame. Duk Musulmin da ya ji wannan zai tuna azumin Litinin da Alhamis, da azumin Annabi Dawud, kuma lallai fasalin ya yi kama. Amma a kula da bambanci: a azumin tazara ana shan ruwa yadda aka ga dama, kuma a ranar kamewa abin da ake ci na dukan awa 24 ne ake taƙaitawa. Mai azumin nafila kuwa, da rana ta faɗi ya sha ruwa, babu wanda ya ƙayyade masa yawan abin da zai ci har asuba. Wancan ibada ce mai ladanta da hukuncinta, wannan kuwa tsarin cin abinci ne. Zan dawo kan wannan bambanci, don akwai darasi a cikinsa.

Kalori ba wani abu ba ne illa ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Jiki yana ƙona shi dare da rana, ko mutum na barci, don zuciya ta buga, huhu ya yi numfashi, ƙwaƙwalwa ta yi aiki. Abin da ya yi saura sai a adana shi, akasari a matsayin kitse. In abin da ke shiga ya gaza abin da ake ƙonawa, jiki ya koma rumbunsa ya ɗebo. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700.

Mu yi ɗan lissafi. A ce mutum yana buƙatar kalori 2,400 a rana. Idan ya rage kashi ɗaya cikin huɗu kullum, ya koma 1,800, giɓin da ya samar a mako shi ne 4,200. Idan kuma tsarin kwana biyu ya ɗauka, ya ci 600 ran Litinin, 600 ran Alhamis, sauran ranakun ya ci 2,400 ɗinsa cif, giɓinsa a mako 3,600 ne. Kusan kunnen doki ke nan, kowannensu wajen rabin kilo a mako a farkon tafiya. Kenan a takarda duk kanwar ja ce. Abin da masu azumin tazara ke iƙirari shi ne akwai wata riba ta daban a bayan wannan lissafi, wadda daɗewa ba a ci ba ke haifarwa.

Hujjarsu ba ta rasa tushe ba, gaskiya. Idan mutum ya ci abinci, sinadarin insulin yana hawa a jini, kuma muddin yana sama, jiki ajiya yake yi, ba ya son taɓa kitse. Idan aka daɗe ba a ci ba, insulin ya sauka, hanta ta fara fitar da sukarin da ta tara, in shi ma ya ja baya sai a juya kan kitse. Wannan juyi yakan fara ne daga wajen awa 12 da cin ƙarshe zuwa sama. Sannan a 2012 ɗin nan dai, ɗakin binciken Satchin Panda a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya ya nuna cewa ɓerayen da aka ba abinci mai maiƙo cikin awa 8 kacal ba su yi ƙiba kamar waɗanda aka sakar wa abincin dare da rana ba, alhali yawan abin da suka ci ɗaya ne. Ga kuma kyautar Nobel ta 2016 da Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kan yadda ƙwayoyin halitta ke cinye tarkacen cikinsu su sabunta kansu, aikin da ya yi akasari kan yis, wato sinadarin da ke kumbura burodi. Aka haɗa waɗannan uku aka gina babban labari. Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Jikinsa yana ƙona abinci da sauri ƙwarai, har yini guda ba ci kan zubar masa da babban kaso na nauyinsa, don haka awa 16 a wurinsa ba awa 16 ba ce a wurinmu. Kuma ƙona kitse da safe ba ya nufin an rage kitse a mako, in dai da dare an mayar da abin da aka ɗebo.

Gwajin farko mai tsawo da ya yi tasiri ya fito ne a 2017 daga ƙungiyar Krista Varady ta Jami'ar Illinois da ke Shikago, matar da ta shafe shekaru tana binciken wannan azumi, ba kuma maƙiyiyarsa ba ce. Mutum 100 masu ƙiba aka raba gida uku: masu yau a ci gobe a kame, masu rage kashi 25 cikin ɗari kullum, da waɗanda aka bari yadda suke. Bayan shekara, masu azumi sun sauke wajen kashi 6 cikin ɗari na nauyinsu, masu rage ci kullum kashi 5.3, idan aka kwatanta da rukuni na uku. Bambancin bai kai a dogara da shi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu janyewa: kashi 38 cikin ɗari na masu azumin sun watsar kafin ƙarshe, a ɗaya ɓangaren kashi 29. Waɗanda suka daure ɗin ma, sai aka ga a ranar kamewa suna cin fiye da abin da aka yanka musu, a ranar ci kuma suna cin ƙasa da wanda aka ba su dama. Wato sannu a hankali, da kansu, suka riƙa komawa tsarin rage ci kullum ba tare da kowa ya sa su ba.

A 2022 aka buga wani gwajin daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, garin da 'yan kasuwarmu suka sani sarai. Mutum 139, duka an rage musu kalori daidai wa daida: maza 1,500 zuwa 1,800, mata 1,200 zuwa 1,500. Rabi aka ce su ci nasu tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma, rabi su ci lokacin da suka so. Bayan wata 12, masu kallon agogo sun sauke kilo 8, sauran kilo 6.3, kuma ƙididdiga ta nuna wannan rata ba ta wuce abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa ba. Kitsen ciki, hawan jini, sukari, duk tafiyarsu ɗaya. Wani gwajin a Jami'ar Johns Hopkins a 2024 ya ƙara matse tambayar, don masu binciken da kansu suka dafa wa mutum 41 duk abin da za su ci na mako 12, suka auna musu, ta yadda ba a dogara da abin da mutum ya rubuta cewa ya ci ba. Masu ci cikin awa 10 sun sauke kilo 2.3, masu ci har tsakar dare kilo 2.6. Idan abin da ya shiga ciki ɗaya ne, agogo bai ƙara komai a kan sikeli ba.

Da a nan labarin ya tsaya, sai a ce azumin tazara tallar banza ce. Amma da sauran rina a kaba. A 2023 ƙungiyar Varady ta sake wani gwajin da ya yi tambaya ta daban. Mutum 90: wasu aka ce su ci daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, ba ruwansu da ƙirga komai, wasu kuma aka ɗora musu aikin ƙirga kalori don rage kashi 25 cikin ɗari. Bayan shekara, na farkon sun sauke wajen kilo 4.6, na biyun 5.4, idan aka kwatanta da rukuni na uku da ba su canja komai ba. Da aka duba, masu kallon agogon sun rage kalori sama da 400 a rana ba tare da sun taɓa lissafi ba, kusan daidai da masu lissafin. A ganina wannan ne ainihin amfanin azumin tazara. Ba ya canja yadda jiki ke ƙona kitse ta wata ɓoyayyar hanya. Ƙofar kicin yake rufewa na wasu awanni, kuma abin da mutum zai ci da sha ɗayan dare yana kallon waya, ko shayi da burodin da zai haɗa da safe ba don yunwa ba sai don sabo, su ne ke faɗuwa.

Sai kuma gwajin Jami'ar Kolorado na 2025, wanda shi ne ya ba azumi rinjaye a fili. Mutum 165, rabi suka kame kwana uku a mako, ba a jere ba, inda suke cin kashi 20 cikin ɗari kacal na buƙatarsu, rabi suka rage kullum, an kuma tsara yadda giɓin mako zai zo ɗaya. Duka an ba su horo a rukuni da damar motsa jiki. Bayan shekara, masu kwana uku sun sauke kashi 7.6 cikin ɗari, masu rage kullum kashi 5, ratar kusan kilo 3. Masu binciken da kansu sun danganta wannan da cewa mutane sun fi iya riƙe tsarin kwana ukun. A shekarar ce kuma mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 99 ta auna su tare, ta tarar yawancin nau'o'in azumin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da rage ci kullum, sai na tsallake rana, wato yau a ci gobe a kame, da ya ɗan ɗara da kilo ɗaya da 'yan kai, a gwaje-gwajen da akasarinsu gajeru ne.

Kun ga ke nan a Shikago azumi ya fi korar mutane, a Kolorado ya fi riƙe su. Duk inda ɗaya ya yi nasara, dalilin ɗaya ne: mutanen wurin sun iya jurewa a kansa, sun ci ƙasa da da.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙirga kalori an gina shi ne don mutumin da ke sayen abinci a leda da kwali, an rubuta masa adadi a baya, yana da faranti nasa shi kaɗai da ɗan sikelin kicin. A gidajenmu fa? Malmalar tuwo ba ta zuwa da rubutu, kuma malmalar wannan gida ba girman ta wancan ba ce. Miyar taushe ko ta kuka, wa ya san ludayi nawa na man ja ko man gyaɗa aka zuba, alhali cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120? Ga maigida da ke cin abincin dare a tire ɗaya da 'yan'uwa ko maƙwabta a ƙofar gida, ga uwargida da ke ɗanɗana girki tun daga tukunya, ta kuma ƙarasa ragowar yara don kada a zubar. Ka ce wa waɗannan su rubuta kalori kullum har shekara, ka ɗora musu abin da ba zai yi mako biyu ba. Amma ka ce "bayan Isha'i babu ci, da safe ruwa ko baƙin shayi har hantsi ya ɗaga", wannan doka ce da kowa zai iya riƙewa a ka, ba ta buƙatar waya ko takarda. Saboda haka ni ina ganin ga yawancin mutanenmu, ƙayyade lokaci ya fi sauƙin aiwatarwa. Wanda kuma aikinsa na ƙarfi ne tun asuba, manomi ko birkila ko mai dako, ko wanda yunwa ke sa masa ciwon kai da saurin fushi, rage girman kwano ya fi masa: malmala ɗaya a madadin biyu, ganye da wake su ƙaru, mai ya ragu, a bar lemon kwalba wanda guda ɗaya kan kai kalori 150 ba tare da ya ƙosar da kowa ba. Wannan ma rage ci kullum ne, ba sai da lissafi ba.

Mu koma kan Ramadan, don gani ya kori ji. Wata guda cur ana kamewa awa goma sha uku zuwa sha huɗu a ƙasashenmu, amma binciken da aka tattara daga ƙasashen Musulmi daban-daban ya nuna abin da ake saukewa a matsakaici bai wuce kilo ɗaya da wani abu ba, shi ma yakan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah. Akwai ma waɗanda ke fita daga watan sun ƙara nauyi. Dalili ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna gaban tabarmar buɗa-baki: kunu da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, zoɓo mai zaƙi, sannan bayan Tarawihi a kawo abinci mai nauyi, a tashi sahur a ƙara. An kame awanni, an rama cikin awanni. Wanda ya ɗauki azumin tazara da wannan ɗabi'a, ya yini da yunwa sannan ya zauna ya yi ramuwar gayya, zai sha wahalar azumi ya rasa ribarsa.

Akwai kuma yaudarar makon farko. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa, kowane giram da wajen giram uku. Da an kame, wannan ajiya ta ragu, ruwan ya fita ta fitsari, sai sikeli ya nuna kilo ɗaya ko biyu sun tafi cikin kwanaki kaɗan. Mutum ya yi murna ya ba abokai labari. A mako na uku abin ya lafa, sai ya ɗauka tsarin ya daina aiki. Ruwa ne ya fita da farko, kitse kuwa a hankali yake tafiya. Bayan watanni kuma, kowace hanya aka bi, saukar takan tsaya, saboda ƙaramin jiki ƙaramin abinci yake buƙata, sinadaran yunwa kuma suna ƙaruwa suna neman a mayar da abin da aka rasa. Azumin tazara bai tsira daga wannan ba, rage ci kullum ma haka.

Batun da nake so a fi kula da shi shi ne tsoka. A Jami'ar Bath ta Ingila, a 2021, an gwada mutane marasa ƙiba na mako uku. Masu rage ci kullum sun sauke kilo 1.9, kusan dukansa kitse. Masu tsallake rana, da giɓin kalori iri ɗaya, sun sauke 1.6, amma kusan rabinsa ne kawai kitse. Rukuni na uku, da suka tsallake rana suka ci ninki biyu washegari, kusan ba su rage kitse ba sam. Ƙaramin gwaji ne, gajere, kuma a kan siraran mutane, wasu manyan gwaje-gwajen a kan masu ƙiba ba su ga irin wannan asara ba. Duk da haka gargaɗin ya isa a ɗauka, musamman ga wanda ya haura hamsin, lokacin da tsoka ke raguwa da kanta. Duk hanyar da aka zaɓa, a tabbata wake, ƙwai, kifi, nama, nono ko awara ba su ɓace daga kwano ba, kuma a riƙa sa jiki aikin ƙarfi, ko da ɗaga wani abu mai nauyi ne da tsugunne-tashi a tsakar gida, ban da tafiyar ƙafa.

Idan za a ƙayyade awanni, wane gefen yini ya fi? Wani ɗan ƙaramin gwaji na 2018 a Amurka, kan maza 8 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna gama cin abinci kafin ƙarfe uku na rana ya gyara aikin insulin ya kuma sauke hawan jini ko da nauyi bai ragu ba. Jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe fiye da dare. Amma a gidan da abincin dare shi ne lokacin da iyali ke haɗuwa, kuma shi ne girkin da aka fi zuba wa ƙoƙari, cewa mutum ya daina ci daga la'asar zai haɗa shi da mutanen gidansa, tsarin kuma ya rushe. Matso da tuwon dare zuwa bayan Magariba, a rufe daga nan, ya fi kusa da abin da zai ɗore.

Wasu mutane kuwa bai kamata su shiga azumin tazara da ka ba. Na farko mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil: waɗannan magunguna suna sauke sukari ko an ci ko ba a ci ba, kuma tsallake abinci a kansu na iya kai mutum ga rawar jiki, gumi, ruɗewa, har suma. Dole likita ya fara gyara adadin maganin. Haka mai juna biyu, mai shayarwa, yaro ko yarinyar da ba su gama girma ba, dattijon da jikinsa ya yi rauni, mai maganin da sai da abinci ake shan sa, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin ci ko ci ba ƙaƙƙautawa. Mai gyambon ciki shi ma ya nemi shawarar likita tukuna. Masu shan maganin hawan jini su kula da jiri idan sun miƙe tsaye, musamman a zafin Maris da Afrilu, su kuma sha ruwa sosai, tunda wannan azumin bai hana ba.

Ga wanda ba ya cikin waɗannan, ya zaɓi ɗaya ya ba shi wata uku. Ya hau sikeli ɗaya sau ɗaya a mako, da safe kafin ya ci komai, ya kuma auna ƙugunsa da tef ɗin tela daidai cibiya, domin wani lokacin ƙugu kan ragu alhali sikeli na tsaye. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa a ga canji a sukarin jini da hawan jini da ciwon gwiwa. Idan bayan wata ukun yana kwana da tunanin abinci, yana fashewa da ci duk ranar da ya saki, ya sauya zuwa ɗaya hanyar.